Jiragen Castle Vale da Baba Soja

Duk wanda ya shigo unguwarmu ta Castle Vale a Birmingham, abin da zai fara tarbarsa shi ne jirage uku na ƙarfe da aka kafa a tsakiyar shataletale tun shekarar 2000. A gefen titin ga tsohuwar masana'antar Castle Bromwich, wadda aka fara ginawa a 1938. A nan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙera jiragen yaƙin nan Spitfire kusan 12,000, fiye da rabin duk waɗanda aka taɓa yi. Bayan yaƙi ta koma harkar motoci, har ta zama ta Jaguar. Ɗakin da nake haya ma a kan tsohon filin gwajin jiragen yake.

Aikin kula da tsofaffi nake yi, kuma daga bakin wata tsohuwa na ji yawancin labarin. Mahaifiyarta tana cikin dubban matan da suka yi aiki a wurin. Takan ce da farko an daɗe ba a fitar da jirgi ko ɗaya ba, sai da minista Beaverbrook ya karɓe masana'antar daga hannun attajirin motoci Nuffield a watan Mayun 1940 ya danƙa wa kamfanin Vickers. A watan Agusta Jamusawa suka jefa bam, ma'aikata suka mutu, sauran suka koma bakin aiki. Idan ta ambaci Alex Henshaw, matuƙin da ke gwada jiragen, sai ka ce yayanta ne. Wallahi mutanen nan suna burge ni da yadda suka riƙe tarihinsu.

Shi ya sa da Nuwamba ta zo, lokacin tunawa da mazan jiya, na sayi jan furen takardar da Turawan nan ke sakawa don tunawa da sojojinsu, na maƙala a hijabina. Wata abokiyar aiki ta dube ni ta ce, "Ke ai ba sai kin saka ba, yaƙinmu ne." Tana murmushi ta faɗa, amma har yau maganar tana ci mini rai.

Yaƙinsu? Kakana, wanda duk gidanmu ke kira Baba Soja, da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma aka kai shi Bama, ya ratsa dajin Kaladan da kaya a ka. Jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana, a Kano da Maiduguri suke yada zango kafin su wuce Masar. Mutanenmu sun yi karo-karo, har wata rundunar Spitfire, mai lamba 91, ta ɗauki sunan Najeriya. Na zayyana mata duk wannan muryata na rawa. Ta ce ba ta taɓa ji ba, kuma na yarda da ita. Na hau bas na koma ɗaki, ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu, ba wanda zan faɗa wa da Hausa.

Sai na kira Inna. Na ce, "Inna, ina lambobin yabon Baba Soja?" Ta ce suna cikin akwatin da ruwa ya ci shekarar da ɗakin ƙasa ya rufta. Hotonsa ko ɗaya babu. Ta ce ita abin da ta riƙe shi ne tarinsa na dare da yadda ba ya son a yi masa tambaya. Daga nan ta koma zancen kwanon rufi da bikin ƙanwata Hauwa, wanda ba zan samu zuwa ba.

Kawu na Zariya kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ji labarin daga bakinsa, shi ma ya haura tamanin. Na tura wa ƙanena Sani kuɗin mota, na ce ya je ya zauna da shi ya naɗi muryarsa a waya, ya tambaye shi sunayen abokan Baba Soja da garuruwansu. Har yanzu bai je ba, wai makaranta. Ranar Juma'a zan sake kiransa, in ya ƙi kuma in haɗa shi da Inna.