Tarihin Rayuwata, kashi na 7: ser da estar

Makon jiya na ce zan ba ku labarin neman takarda a Madrid, ku yi hakuri, maganar Kawu ce ta hana ni barci.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Abin da ya sallame ni da shi kenan a zaure, Inna na daga ciki tana goge ido da bakin mayafi.

To a ajin Sifaniyanci da nake zuwa da yamma a unguwar Lavapiés ta Madrid, mu da 'yan Senegal da 'yan Bangladesh, malamar ta ce inda mu muke da ne da ce su kalma biyu gare su, ser da estar. Ser na asalinka ne, soy de Kano. Estar na inda kake ko halin da kake ciki, estoy en Madrid. Wlh na fi wata uku ina cakuda su, rannan na so in ce zaman ya gundure ni sai na ce soy aburrido, ashe cewa na yi ni ne mai gundurar mutane, har malamar sai da ta kama ciki.

Mace da namiji kam mu ma muna da shi, sai dai nasu a juye yake, hannu mace ne la mano, rana namiji el sol, wata kuma mace. Ranar da na ji magajin gari alcalde ne na ce kai wannan ai alkalinmu ne, duk daga Larabci, har ojalá dinsu akwai sunan Allah a ciki.

Garin kuwa ba ya kwana, karfe goma na dare ake zaman cin abinci, jirgin karkashin kasa sai daya da rabi ya tsaya. Daga Lavapiés zuwa Sol tasha daya ce a layi na 3, kafada na gugar kafada ba mai cewa sannu. Sai Juma'a a masallacin da ke bakin babban titin M-30 nake samun mai rike hannuna ya tambayi gida.

Wata tsohuwa a benenmu da muke hola hola da ita a matakala ta rasu, kwana hudu ba wanda ya sani. Mai shara ce ta ce min está muerta. Estar fa! Mutuwa ma a bakinsu hali ne da mutum ke ciki, na tsaya da ledar burodi a hannu na ma manta ban yi mata ta'aziyya ba.

A 2019 da aka zo rabon gidan Baba, ta waya Kawu ya sake maimaita min karin maganar nan tasa, alhali kudin rufin kwanon gidan ni na turo. Har yau in na kira sai ya ce dan Sifaniya ne? Kawu, a nan estoy kawai nake.

Maganar rufin kwanon sai mako mai zuwa, rasit din na nan a akwati.