Zaɓen bakin huji da washinsa a shagon walda

A shagunan walda na Damagaram, daga Zango har Sabon Gari, inda ake haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje da amalanke, babu kayan aikin da ake wulaƙantawa kamar bakin huji. Maigida zai lulluɓe injin walda saboda ƙurar hunturu, amma bakunan huji suna zube cikin gwangwani ɗaya da ƙusoshi suna gugar juna, kuma ranar da ɗaya ya ƙi cin ƙarfe sai a ce jabu ne, a aiki yaro Kasuwar Dole ya sayo wani. Jabu yana nan, ban musa ba. Sai dai a ganina, mafi yawan waɗanda ake zubarwa gudu da zafi ne suka dakushe su, kuma washi na ƴan mintoci ya isa ya mayar da su bakin aiki.

Wajen saye, abin da za a fara dubawa shi ne rubutun da ke gindinsa. Wanda aka buga wa HSS, wato alamar wani haɗin ƙarfe mai jure zafi, shi ne na aikin yau da kullum, domin ƙarfensa yana riƙe taurinsa har zafi ya kusanci digiri 600, alhali ƙarfen da ba shi da wannan haɗi yana fara laushi tun wajen digiri 200. Siffar bakin huji murɗaɗɗiya tsohuwa ce, tun 1863 Stephen Morse ya yi mata rajista a Amurka, kuma har yau ba a sauya ta da yawa ba. Idan aikin ya haɗa da inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, to a nemi mai haɗin kobalt, wanda ake rubuta wa HSS-Co ko M35, mai kashi 5 cikin ɗari, ko M42 mai kashi 8. Yana jure zafi, amma yana da saurin karyewa idan hannu ya karkata. Launin zinariya kuwa kada ya ruɗi kowa: shafe ne a bisa fata, washi na farko zai cire shi daga tsini, sannan a ga ainihin ƙarfen da ke ƙasa. Wanda aka liƙa wa ɗan faffaɗan tsini a kai na siminti ne, ba shi da hurumi a jikin ƙarfe.

Ban cika son akwatin nan mai jere da yawa a farashi mai sauƙi ba. Gara mutum ya sayi masu kyau a awon da yake taɓawa kullum, kamar milimita 4, 6, 8, 10 da 12, ya ninka ƙananan. Mai yanka zaren ɗaura ƙusa a cikin rami yana buƙatar baki mai milimita 5 don zare mai lamba M6, da 6.8 don M8, da 8.5 don M10. A kuma lura da kayan da ke shigowa ta Kano, domin wasu da inci aka auna su, kuma rabin inci milimita 12.7 ne, ba 12 ba.

Gudun inji shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon kaurin baki, gwargwadon rage gudu. A ƙarfe na gama-gari, baki mai milimita 5 yana son juyi wajen 1,600 a minti, mai milimita 10 wajen 800, a inoks kuwa a sauko ƙasa da rabin haka, a kuma danna sosai, domin idan baki ya tsaya yana shafa bai ci ba, wurin taurara yake yi har ya gagari kowane baki. Yaran shago suna ɗauka gudu shi ke gama aiki da wuri, musamman idan ana rige-rige da ɗaukewar wuta, sai ka ga tsini ya koma shuɗi yana ƙugi. A ɗiga mai, a buga alamar tsakiya kafin a fara, idan rami babba ne a share hanya da ƙaramin baki, a kuma sassauta hannu idan ya kusa ɓullowa, domin a nan ne yake cafkewa ya karye. Ƙarfen zubi kuwa a bushe ake huda shi.

Washi kuwa abu uku yake nema a lokaci guda. Na farko kusurwar tsini, wadda take digiri 118 a aikin yau da kullum, 135 a ƙarfe mai tauri. Wanda ba shi da ma'auni ya haɗa noti biyu masu kusurwa shida gefe da gefe, tsagar da ke tsakaninsu digiri 120 ce, ta isa a gwada tsini a ciki. Na biyu, leɓunan nan biyu masu yanka su zo daidai a tsawo da karkata. Idan ɗaya ya fi ɗaya, shi kaɗai zai ɗauki aikin, rami ya fito ya fi awonsa faɗi, kuma alamar ita ce sassaƙen ƙarfe ya riƙa fitowa ta ɗaya kawai daga cikin kwari biyu da ke murɗe a jikin baki. Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne bayan leɓe ya sauka ƙasa da kaifin da kamar digiri 8 zuwa 12. Idan bayan ya yi daidai da kaifi, baki zai yi ta juyi yana gugar ƙarfe bai shiga ba, ko da ido yana ganinsa da kaifi. Idan kuma aka zafta shi da yawa, kaifin ya rasa abin da zai tokare shi, sai ya ɓantale.

Yadda nake yi shi ne, in daidaita fuskar dutsen washi ta zama shafe, in riƙe baki da hannu biyu, leɓe a kwance daidai da fuskar dutse, jikinsa a karkace wajen digiri 59. Da zarar kaifi ya taɓa, sai in sauke gindin a hankali, dutse ya bi ta bayan leɓe. In juya ɗaya gefen, in maimaita da irin nauyin hannun da adadin taɓawar. Taɓawa ce mai sauƙi, ana tsoma shi a ruwa akai-akai tun bai yi zafi ba, domin tsoma wanda ya riga ya yi ja yana tsattsaga kaifin. A sa tabarau, a naɗe hannun riga, kuma ban yarda da wasa baki a jikin injin yanka na hannu da wani ya riƙe a iska ba, hatsarinsa ya fi amfaninsa.

Yaron da ya zo koyon aiki, ina ganin ya dace a fara ba shi tsohon baki mai milimita 10 ko 12, inda ido ke ganin kowace kusurwa, ya wasa, ya huda guntun ƙarfe, ya duba ko sassaƙe ya fito murɗe ta kwari biyu, sannan ya sauko zuwa ƙanana. Abin da ya gaza milimita 3 kuwa wasa shi da hannu yana da wuya ko ga gwani, shi ya sa nake ajiye su da yawa, kowane awo a raminsa cikin guntun katako.