Laraba, da jan biro a hannu

Tun bayan la'asar nake fama da takardun 'yan ajina, insha'in Turanci da na ba su a kan mahaifi. Wata yarinya, cikin masu natsuwar ajin ma, ta rubuta: "My father is very wicked." Laifinsa kuwa? Ba ya bari a kunna talabijin bayan isha'i, kuma sai ya duba littafin kowa kafin a kwanta.

Na gane abin da take nufi sarai. A Turancinmu na Najeriya, duk malamin da ba ya ɗaukar wargi sai ka ji yara sun ce wicked ne. Amma in Bature ya karanta, ɗauka zai yi uban nan azzalumi ne, kuma mai duba takardar WAEC ba zai ɗaga mata ƙafa ba. Kalmar da ta ɓace mata ita ce strict: mutumin da in ya kafa doka ya kafa ke nan, ba sassauci. Daga Latin ta samo asali, strictus, abin da aka ɗaure tamau, restrict ma 'yar gidansu ce. Na rubuta mata a gefe cewa ana cewa strict with yara, amma strict about lokacin barci. Stern ta fi tafiya da fuska, mai ɗaure fuskar nan da ko murmushi sai an roƙa. Stringent kuma ta dokoki ce da sharuɗɗa, irin na banki, ba a cika liƙa wa mutum ita ba. Harsh ita ce in an wuce gona da iri.

Ina cikin haka Abban yara ya leƙo, ya karanta ta saman kafaɗata.

"To Malama, ke wacce ce a ciki?"

"Strict mana."

"A tambayi Auta dai," in ji shi, ya fice yana dariya.

Ni ma na dara, amma daga baya sai jikina ya yi sanyi. Baba ne ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. Da an idar da isha'i yake sa wa ƙofar zaure sakata. Daren da Yaya ya makara a wajen kallon ƙwallo, a kan dakali ya kwana, ga hunturu, Inna na ta zirga-zirga a tsakar gida ba ta isa ta buɗe ba. Mun tashi muna kiran wannan tarbiyya. Har yau Yaya ba ya son a ɗauko zancen, ko da wasa. Da shi aka ba wannan insha'in yana ɗan sha biyar, ban tabbata zan iya sa masa jan biro ba.

Yarinyar dai gobe zan kira ta ofis mu yi magana, ba a gaban aji ba.

Gas ya ƙare ana tsaka da tuwo. Da gawayi aka ƙarasa.

Sauran takardun sai da safe, in an kawo wuta.