Ra'ayoyin 'yan kallo a Bauchi kan fim ɗin gimbiya da ɗan maƙeri

A 'yan makonnin nan wani fim na Turawa mai fassarar Hausa ya zagaye wayoyin mutane a Bauchi, tun daga shagunan masu tura fina-finai na kasuwar Wunti har zuwa ɗakunan ɗalibai a Yalwa. Labarin na zamanin sarakuna da takubba ne. Wani ɗan maƙeri ya kamu da son 'yar sarki, alhali ubanta ya riga ya yi alkawarinta ga sarkin ƙasar da ke maƙwabtaka da su domin a kashe wutar yaƙi, ga kuma ƙaton maciji mai fukafukai da ke aman wuta, da wata tsohuwa mai tsafi da ta yi wa gidan sarautar baki. Na saurari muhawarar da ake yi a kansa a majalisu da teburin mai shayi da kuma cikin gida, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin ƙaryar da mutane suka yafe wa fim ɗin da irin wadda suka ƙi yafewa.

Ban ji wanda ya yi ƙorafi kan macijin ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka tashi da tatsuniyoyin Gizo da Dodo, suka kuma san labarin Bayajidda, baƙon da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ya auri Daurama. Mai kallo Bahaushe ya saba da yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai ba da labari, wato zai karɓi abin al'ajabi matuƙar sauran labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Masu dawakai ne suka fara tayar da magana. Wani dattijo da ya daɗe yana hawan sallah ya ce ba a taɓa yin dokin da zai kwana yana sukuwa ɗauke da mutum biyu, ɗayansu cikin kayan ƙarfe, sannan gari ya waye ya shiga fagen fama ba tare da an ba shi ruwa ko an sassauta masa sirdi ba. Wasu kuma suka yi dariyar yadda aka bar ƙofar birni a buɗe da dare ana tsakiyar yaƙi, domin ɗan Bauchi ya san amfanin ganuwar da aka kewaye garin da ita bayan Malam Yakubu ya kafa shi a 1809, ya kuma san cewa Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wase ba domin ado aka yi su ba. Wani ɗalibin tarihi ya ƙara da nasa, ya ce zamanin da fim ɗin yake kwaikwayo ya kama daga faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 zuwa wajajen 1500, kuma cikakkiyar rigar farantan ƙarfe da aka sa wa kowane barde ba ta kammala ba sai a ƙarni na 15, kafin nan sulke na zobba ake amfani da shi, irin wanda har yanzu muke gani a jikin mahaya ranar hawa. Ya kuma hango dankalin turawa a teburin sarki, abincin da bai shiga Turai ba sai bayan tafiyar da Kolumbus ya yi zuwa nahiyar Amurka a 1492. A ganina ƙorafin dankali da na rigar ƙarfe ba su da ƙarfi, tun da ƙasar da ke cikin labarin ƙirƙirarta aka yi, mai ita yana da ikon shuka abin da ya ga dama. Amma dattijon yana da gaskiya, domin fim ɗin bai taɓa gaya mana cewa dokin na tsafi ne ba.

Inda aka fi yin zafi shi ne kan soyayyar. Da yawa daga cikin magidanta sun ce gimbiyar mai son kanta ce, domin ta san cewa gudunta zai warware sulhu ya jawo zubar da jinin talakawa, amma ta bi zuciyarta. 'Yan mata da matan aure da dama kuwa sun tsaya mata, suna kafa hujja da cewa a addininmu ma ana neman izinin budurwa kafin a aurar da ita, kuma ba laifinta ba ne idan ubanta ya mayar da ita kuɗin fansar ƙasa. Abin sha'awa shi ne wannan jayayyar ta wanzu a Turai ta wancan zamanin. Tun ƙarni na 12 coci ya tsaya a kan cewa yardar namiji da mace ita ce ke ƙulla aure, amma gidajen sarauta sun ci gaba da aurar da 'ya'yansu saboda ƙasa. Eleanor, magajiyar yankin Akwiten da ke kudu maso yammacin Faransa, ta auri sarkin Faransa Louis na Bakwai a 1137, aka raba auren a 1152, ta auri Henry wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, kuma yankinta mai faɗi ya bi ta daga wannan gida zuwa wancan. A daidai wannan ƙarni ne mawaƙan kudancin Faransa suke rera begen macen da ba za a samu ba, sau da yawa ma matar wani. Ke nan matsalar da fim ɗin ya ɗauko ta gaske ce, kuma ɓangarorin biyu na 'yan kallonmu kowanne ya riƙe wani gefe nata.

Ni dai abin da na riƙe a kan fim ɗin shi ne ya ɗauko kaya mai nauyi, sannan ya ajiye shi a hanya. Sarkin da aka yi wa alkawari macijin ne ya cinye shi, saboda haka babu yaƙi, babu gawar da gimbiya za ta gani ta san abin da zaɓinta ya haifar. Mafi muni, a ƙarshe sai aka gano cewa ɗan maƙerin ɗan sarki ne da aka sace yana jariri. Duk wanda ya tashi a garin da ake gadon sana'a, inda ake tambayar asalin mutum kafin a karɓi kuɗin gaisuwarsa, ya san cewa wannan ne ainihin shingen da ya sa muke tausaya wa saurayin tun farko. Da aka mayar da shi yarima, sai fim ɗin ya koma ya goyi bayan waɗanda suka raina shi, domin ya nuna cewa da maƙeri ne na gaskiya da bai cancanci gimbiya ba. Ƙanwata, wadda ta fi kowa son fim ɗin a gidanmu, ita ma ta ce mini: "Yaya, ni da sun bar shi a maƙerinsa."

Akwai kuma rashin dangi, wanda wata gwaggonmu ta lura da shi tun kafin a kai rabi. Gimbiya ba ta da uwa ko gwaggo ko kaka da za ta kai wa kukanta, saurayin ba shi da kawun da zai shige masa gaba, kamar daga sama aka jefo su. Masu fassara ma ba su taimaka ba, domin sun cusa barkwanci a wurin da tsohon maƙerin yake gargarar mutuwa, wanda shi ne wuri ɗaya da fim ɗin ya kusa sa mutum hawaye. Wanda ya samu kwafin da ba a yi wa fassara ba, in yana jin harshen, ya kalli wannan wurin a can, zai ga cewa tsohon ya fi jarumin da jarumar iya wasa.