Mai gadin da ke jin shiru iri biyu

Jiya sai bayan isha'i na baro ofis a Yaba, nan Legas, ga go-sulo ga yunwa, duk saboda layi ɗaya da ban rubuta ba a Python, wani yaren rubuta manhaja. Bari in ba ku labarin tun bai huce ba.

Akwai wata manhaja da muke rubutawa da yaren C, wani adadi a cikinta ya riƙa komawa ƙasa da sifili haka kawai, babu wanda ya san mai taɓa shi. Irin wannan matsalar ai sai wochfoyin, wato ka sa diboga, manhajar farautar kurakurai, ta sa ido a kan wani gurbi na memori, duk wanda ya rubuta wani abu a wurin ta cafke shi. Ni mai gadi nake ce masa. Matsalar ita ce adadin nan ana taɓa shi ba adadi a aiki na halal, in mai gadi zai tsayar da kowa to kwana za mu yi. Sai na haɗa masa ɗan kolbak na Python, wato ɗan umarnin da diboga ke kira ta ji ko a tsaya ko a wuce: in adadin ya yi ƙasa da sifili a mayar da True a tsaya, shi ke nan, ban ce komai ba a kan sauran.

A laftof ɗina Linux ne, dibogar GDB nake amfani da ita, abu ya tafi sumul. Abokin aikina kuma, wani ɗan Zariya da ke zaune a Idi-Araba, Mac gare shi, dibogarsa LLDB kenan. Ya ɗauki dabarar tawa ya juya ta yadda LLDB ke so, yana kunnawa sai tsayawa take yi a kowane rubutu, ya danna ci gaba ta sake tsayawa, ya danna ta sake. Ya juyo ya ce, "Malam, wannan mai gadin naka ko shugaban ƙasa ne ya zo sai ya tare shi." Na ce kai dai duba aikinka, nawa lafiya lau. Wallahi na fi awa ɗaya ina ganin laifinsa ne.

Ashe nawa ne. A Python duk fanshin (guntun umarni irin kolbak ɗin nan) da ya ƙare bai mayar da komai ba, None yake mayarwa, wato "babu". To GDB in ya kira kolbak ɗin da ka rubuta, stop ne sunansa a can, yana duba ko amsar gaskiya ce, None kuwa a wurinsa daidai take da False, sai ya wuce abinsa. LLDB kuma False tsagwaronta kaɗai yake ɗauka a matsayin "wuce", duk wani abu daban har da None tsayawa ce. Shiru ɗaya ne, wannan ya ji "tafi" wancan ya ji "dakata". Kuma in ka tambaye ni na LLDB ya fi hankali, gara a tsayar da kai a banza da a bar ɓarawo ya wuce saboda mantuwa. Abin da ya ƙara dagula lissafi, tsofaffin LLDB a burekfoyin (tsayawa a wani layi da ka zaɓa) kawai suke sauraron amsar kolbak, a wochfoyin ko False ka mayar ba ruwansu, sai a 2023 aka daidaita su. Don haka sai da muka duba sigar da ke kan mashin ɗinsa tukuna, muka ga sabuwa ce, hankali ya kwanta.

Akwai kuma wani bambancin da ya kamata mutum ya sani. Umarnin watch na GDB, mai kafa wochfoyin, sai darajar ta canza yake tsayawa, in an rubuta 5 a kan 5 ko a jikinsa. LLDB a da kowane rubutu yake kamawa, sai daga siga ta 18 aka kawo modify, mai tsayawa sai darajar ta canza, ya zama shi ne ke aiki in ba ka zaɓi wani ba. Mu dai yanzu rubuta irin gadin da muke so muke yi ƙarara, ba ma barin diboga ta zaɓa mana. Kar kuma a yi zari, guraben da kwakwalwar kwamfuta irin x86 ta ware wa wannan gadin huɗu ne kacal, in suka ƙare GDB ya koma gadi ta manhaja taku ɗaya-ɗaya yake bi, ya fi go-sulon Oshodi jan ƙafa.

Gyaran da muka yi ba wani babba ba ne. Fanshin guda ɗaya mai yanke hukunci, kowace hanya a cikinsa tana ƙarewa da True ko False a fili, sai 'yan riguna biyu, ɗaya ta GDB ɗaya ta LLDB, kowacce kiransa kawai take yi ta miƙa amsar. Muka kunna tare, duka biyun suka tsaya a layi ɗaya: wani memcpy ne, umarnin kwafar bayanai, ke zarce iyakar wurin da aka ware masa a memori yana taka adadin da ke maƙwabtaka da shi. Muka duba tarihin Git, inda ake ajiye wa ya rubuta me, don ganin wanda ya rubuta shi, ɗan Zariya ya karanta sunan da ƙarfi yana dariya, nawa ne. Tsiren da na saya masa a hanya kafin in kama danfo zuwa Agege har yanzu aljihuna na jin sa.