Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin lafiyar maijego

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar aka sallamo uwar 'ya'yana bayan kwana 12 a asibiti, biyar daga ciki a ɗakin kulawa ta musamman. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yafe ni.

Da yawanku kun zo barka kun same ta garau, shi ya sa kuke tambayar abin da ya faru. Kwana huɗu da haihuwa zazzaɓi ya rufe ta, da rawar ɗari. Aka ce zazzaɓin nono ne, na sayo farasitamol da maganin maleriya a kemis. Washegari da dare jikin ya huce, har na ce wa Inna sauƙi ya samu. Ashe wannan sanyin shi ne abin tsoron.

Hajiya maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta leƙo bayan isha'i. Ta kama hannun maijego ta ji sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, ana yi mata magana tana amsa wata daban. Ta tambayi rabonta da fitsari, aka ce tun asuba. Ta juyo ta ce, "Malam, nemo mota yanzu." Na fara cewa ko mu bari gari ya waye, ta daka mini tsawar da rabona da irinta tun ina makarantar allo. Hajiya, na gode da tsawar nan. Allah ya saka miki da Aljanna.

Da muka isa asibiti aka auna jininta, ya faɗi ƙasa sosai, 70 bisa 40. Likitan da ke bakin aiki bai tsaya jiran sakamakon gwaji ba, ya ɗebi jini, nan take aka sa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka ɗaura ruwa a hannu biyu, ga oksijin, ga robar fitsari. Daga baya ya zaunar da ni ya ce ragowar mabiyiya ce ta ruɓe a ciki. Jiki ya tashi yaƙar ƙwayoyin cutar, yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma kansa: jijiyoyin jini suka saki, jini ya daina isa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Sefsis suke kiransa, kuma nata ya kai matakin da ƙarin ruwa kaɗai ba ya ɗaga jini, sai an haɗa da wani magani, noradirenalin, da na'ura ke ɗiga shi kaɗan-kaɗan. Ya ce a irin wannan kowace awa ana lissafa ta. Da awon jinin ya ɗan daidaita aka yi mata wankin ciki.

A barandar asibitin na karanta a waya cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon nan ya ci rai kusan miliyan 11 a 2017, wato ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Ni kuwa ko sunansa ban taɓa ji ba sai a kan iyalina.

Ina godiya ga likitoci da nas-nas, musamman 'yar'uwar da ta kwana a tsaye tana auna fitsari awa-awa, ta fito da murna ta shaida mini ƙoda ta fara aiki. Na gode wa maƙwabcin da ya fito da motarsa ba ko hula, da samarin majalisarmu biyu da suka ba da jini, da abokan kasuwa da suka haɗa kuɗin magani ban roƙa ba. Gwaggo, ke kika riƙe jaririya da madara da goyo har uwarta ta dawo, Allah ya ja kwana. Liman da jama'ar masallaci, addu'arku ta iso.

An yanka rago ranar bakwai, uwar tana kwance ba ta san an yi ba. Taron mata sai ta yi arba'in in sha Allahu. Masu son zuwa dubiya ku ɗan ba mu mako guda, har yanzu ko zuwa banɗaki sai an riƙe ta.