Abin da na koya daga na'urori biyu na kumbon InSight

Duk wanda ya karanci ƙera na'urorin awo ya san zane ba shi ne aikin ba, gwaji ne. Balle na'urar da za a ɗora wa kumbo a tura wata duniya, inda babu makanikin da zai bi ta da sufana. Ko umarni aka aika daga nan, sai ya ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mars, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. Malamin da ya koya mana wannan fanni ya daɗe da mu a kan kumbo guda, InSight na hukumar NASA ta Amurka da aka tura duniyar Mars, saboda manyan na'urorinsa biyu sun yi ƙarshe daban, kuma tun a ɗakin gwaji aka rabu.

Ta farko ita ce SEIS, mai auna girgizar ƙasa, wadda hukumar sararin samaniya ta Faransa ta jagoranci ƙerawa. Tana iya jin motsin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ba, don haka sai an rufe sassanta cikin wani ƙoƙo da aka zuƙe wa iska tas. A Disambar 2015, saura 'yan watanni a harba kumbon, aka gwada ta cikin tsananin sanyi, ƙoƙon ya yi yoyo. Aka fasa harbawar Maris 2016. Damar zuwa Mars kuwa sai bayan kusan wata 26 take sake zagayowa, ga ƙarin kuɗi kimanin dala miliyan 150.

Sai da na yi neman yoyo da hannuna na gane nauyin wannan hukunci. Ana haɗa abin da famfon zuƙe iska, a ɗauki siririn bututu ana fesa iskar hiliyam kaɗan-kaɗan a kan kowace mahaɗa, ido na kan allo. In lamba ta yi tsalle, to nan ne ɓarakar. Abin haushi, mahaɗar da ta riƙe lafiya lau da ɗumin ɗaki tana iya buɗewa da zarar ƙarfe ya sha sanyi ya tsuke. Kuma in ka gaji, zuciya takan fara raya maka cewa ai yoyon ƙanƙane ne, a wuce kawai. Malam yakan leƙo ya ce, "Kai, lambar ta sauka ne, ko kai ne ka gaji?" Masu SEIS ba su wuce ba. Aka sake ƙera ƙoƙon, kumbon ya tashi ranar 5 ga Mayun 2018, ya sauka a filin Elysium na Mars ranar 26 ga Nuwamba. Na'urar ta ji girgiza sama da 1,300, ta kuma nuna cewa cibiyar Mars narkakkiya ce.

Ta biyun ita ce ta fi tsaya mini a rai. HP3, ƙirar cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, wata sanda ce mai tsawon kusan santimita 40 da guduma a cikinta. Manufa ita ce ta riƙa buga kanta cikin ƙasa har zurfin mita 5, ta auna zafin da ke fitowa daga cikin Mars. Dabarar ta dogara da abu ɗaya: ƙasa mai rairayi ta riƙa zubowa tana matse jikin sandar, don kada ta yi baya bayan kowane bugu. An gwada ta a nan duniya, ta yi aiki. Da ta fara haƙa a ƙarshen Fabrairun 2019, sai ta tarar da ƙasa mai ɓawo, wadda ke tsayawa rami ba ta zubowa. Sandar ta tsaya a wajen santimita 30 tana ta tsalle a wuri ɗaya. A Oktoban shekarar ma ta fito baya kusan rabinta. Injiniyoyi suka danne ta da cokalin ɗibar ƙasa da ke hannun kumbon, suka tura mata ƙasa, har Janairun 2021 suka haƙura.

Ni dai ban ga sakacin Jamusawa a nan ba. Gudumar ba ta taɓa gazawa ba. Ƙasar da suka gwada a kanta an zaɓe ta ne bisa abin da kumbunan baya suka gani a wasu wurare, ashe wurin da InSight ya sauka daban yake. Matsalar SEIS tana cikin na'urar, gwaji ya kama ta. Ta HP3 tana cikin zaton da aka yi wa Mars, kuma gwajin ma a kan zaton aka gina shi. Shi ya sa yanzu in aka kawo mini zanen wata na'ura, ko ta auna danshin gona ce, kafin in duba waya da batir nakan tambaya: me aka ɗauka tabbas ne game da wurin da za ta zauna, kuma wa ya je ya auna?

Ƙura ce ta ƙarasa kumbon, don ta rufe farantan solar da ke ba shi wuta. Mai sola ya san yadda faranti ke yi a hunturu, sai dai a can babu mai hawa da tsumma. A 2021 injiniyoyin suka yi wata dabara mai kama da wauta: suka ɗebo yashi da cokalin, suka zuba kusa da farantin lokacin da iska ke kaɗawa, yashin ya gangara ya kwashi wani ɓangare na ƙurar. Wuta ta ɗan ƙaru. Da ta ci gaba da raguwa a 2022, aka kashe sauran kayan aka bar wa SEIS abin da ya saura, har NASA ta sanar da rufe aikin a Disambar shekarar.